Daga Belbeji zuwa Majalisa: Hamid Algabid da Kujerar Makiyayan Damargu

Matafiyin da ya bar birnin Damagaram ya kama hanyar Agadas, kafin ya ci kilomita 150 zai isa Tanut, cibiyar ƙasar Damargu. A nan gonar gero take ƙarewa, dajin kiwo ya soma. Tun zamanin ayari Damargu ce rumbun Abzin: fatake masu tafiya tsakanin Kano da Tarabulus a nan suke yada zango, su sayi hatsi, su huta da raƙuma. A garin Tagelel na wannan ƙasa ne Heinrich Barth ya rabu da abokan tafiyarsa a watan Janairu na 1851. Hausawa da Dagirawa suna noma, Abzinawa da Fulani suna kiwo, rijiya ɗaya kuma takan shayar da su duka. Saboda haka tambayar da ta fi damun mutanen Damargu tun tuni ita ce: ina iyakar gona, ina burtali, wa ke da ikon rijiya?

A cikin wannan ƙasa, a Belbeji da ke yamma da Tanut, aka haifi Hamid Algabid a 1941, cikin al'ummar Abzinawa. A wancan lokaci makiyaya da yawa suna gudun makarantar Nasara, domin yaron da aka kai aji an rage hannu ɗaya ke nan a bayan garke. Shi kuwa makaranta ta zama hanyarsa. Ya karanta shari'a a jami'ar Abijan, ya ƙaro ilimi a Faransa, ya dawo ya yi aiki a ma'aikatar kuɗi. A 1979 Seyni Kountché ya shigar da shi gwamnati, ya riƙe muƙamai a fannin harkokin waje da kasuwanci da kuɗi, har ranar 14 ga Nuwamba 1983 aka naɗa shi faraminista.

Bai cika shekara a kan kujerar ba damina ta ƙi. Farin 1984 ya share garkuna daga Damargu har Azawak, makiyaya suka gangaro kudu da ragowar dabbobinsu suna sayarwa a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba. A daidai lokacin ne gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, shi ya sa har yau mutane suke kiran wannan yunwa El Buhari. Masifar ta tilasta wa hukuma ta sake tunani. An yi babban taron Maraɗi kan kwararowar hamada a watan Mayu na 1984, aka kuma yi na Tawa kan kiwo a 1985. Amma mulkin soja ne, babu majalisar dokoki, babu wakilin da makiyayi ya zaɓa da hannunsa. Ɗan Belbeji yana shugabantar ministoci, yanke hukunci kuwa yana hannun Kountché da majalisar hafsoshinsa.

Algabid ya sauka a watan Yuli na 1988, a zamanin Ali Saibou. Daga 1989 zuwa 1996 shi ne babban sakataren Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, OIC, a Jidda. A ƙarshen 1996 yana cikin ƴan Afirka huɗu da aka gabatar don kujerar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Kofi Annan ya samu. Sai bayan duk wannan ya nemi ƙuri'ar talakawa. Ya jagoranci jam'iyyar RDP-Jama'a ta shugaba Ibrahim Baré Maïnassara, kuma bayan kisan Baré a watan Afrilu na 1999 ya tsaya takarar shugaban ƙasa, ya zo na huɗu. A zaɓen wannan shekarar ne ya zama ɗan majalisar dokoki. Ya sake neman shugabancin ƙasa a 2004 bai yi nasara ba, daga baya a zamanin Tandja Mamadou ya shugabanci Babbar Majalisar Ƙananan Hukumomi.

Wannan tafiya tana nuna yadda hanyar majalisa take ga ɗan ƙasar kiwo: sai ya bar daji ya bi ta aji da ofis tukuna. Tsarin zaɓe ma yana da hannu a ciki. Daga 1993 zuwa 2023 jiha ɗungurungum ce mazaɓa, jam'iyya ce ke jera sunayen ƴan takara. Ɗan Tanut yana shiga jeri ɗaya da ƴan birnin Damagaram da Mirya da Magarya da Matamaye, inda jama'a ta fi yawa, ga shi ranar zaɓe takan iske makiyayi nesa da rumfar da aka rubuta sunansa. Don rage wannan giɓi aka keɓe mazaɓu takwas na musamman ga ƙananan al'ummomi, irin su Barmo da Tasara da Bilma da Tesker. Ta kujerar Tesker ne Mohamed Bazoum, malamin falsafa, ya shiga majalisa a 1993. Tanut da Belbeji ba su cikin takwas ɗin.

Idan aka dubi dokokin da suka tsara rayuwar makiyayi, za a ga wani abin lura. Ta farko ita ce dokar 26 ga Mayu 1961, a zamanin Diori Hamani, wadda ta shata iyakar noma ta arewa. Layin ya ratsa arewacin Damargu. Bayansa ƙasar kiwo ce, kuma wanda ya yi gona a can ba shi da diyya in dabba ta yi masa ɓarna. Majalisar jam'iyya ɗaya ce ta amince da ita. Da jama'a ta ƙaru, ƙasar kudu ta gaji, gonaki suka tsallake layin, burtali ya ƙuntata. Kashe-kashen Toda a jihar Maraɗi a watan Oktoba na 1991, inda Fulani fiye da ɗari suka rasa rayukansu, sun nuna inda rikicin gona da kiwo yake kaiwa.

Ta biyu ita ce dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta amince cewa makiyayi yana da fifiko a kan ƙasar da ya saba komawa, ta kuma kafa kwamitocin filaye. Gwamnatin riƙon ƙwarya ce ta sa mata hannu, kafin zaɓaɓɓun hukumomi su kama aiki. Ta uku ita ce dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma sake tabbatar da iyakar 1961. Ƙungiyoyin makiyaya, irin su AREN da aka kafa a 1990, sun yi fiye da shekara goma suna fafutukar samunta. Majalisun da aka zaɓa a 1999 da 2004 sun zo sun wuce ba ta fito ba, sai a hannun gwamnatin soja ta Salou Djibo, wata uku bayan juyin mulki. Ashe manyan dokokin nan biyu ba ta zauren majalisa suka biyo ba.

Kujerar da ta fi kusa da makiyayi ta zo ne da zaɓen ƙananan hukumomi na Yuli 2004, lokacin da ƙananan hukumomi 265 suka sami kansiloli. A Tarka da Tenhiya da Olelewa da Gangara da Falanko, mai garke ya sami damar zama a zauren da ake maganar harajin kasuwar dabbobi da gyaran rijiya ba tare da ya je Yamai ba. A 2011 Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, aka cire ta daga Tanut. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rushe majalisar dokoki, a 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi.

Damargu ta haifi mutumin da ya riƙe gwamnati, ya wakilci duniyar Musulmi, ya zauna a majalisa, kuma ya cancanci ɗaliban Tanut da Belbeji su san tarihinsa. Ya kuma dace a koya musu shekarun 1961 da 1993 da 2010 tare da shi, cikin Hausa da Tamajak da Fulatanci. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk ranar da aka sake kafa rumfunan zaɓe, makiyayin da ya san abin da doka ta ba shi a kan burtali da rijiya zai san tambayar da zai yi wa mai neman ƙuri'arsa.