Tarihin "ajil": daga dutsen Yuta zuwa tallar horo a wayoyinmu



Wani saurayi daga Maraɗi ya kira mu bayan mun sauka daga shiri. Ya gama karatun kwamfuta, aiki bai samu ba, yana ɗan kabu-kabu kafin Allah ya kawo. Ya ga talla a Facebook: horon kwana biyu, ka fito Scrum Master, ka zama konsiltan na ayyukan manhaja irin na "ajil". Tambayarsa ita ce ko ya saida babur ya biya. Mu ƴan makirfo ne, amma abin ya tsaya mana a rai, sai muka bi asalin maganar. Ga abin da muka taras.

Matsalar ta girmi yawancinmu. A watan Oktoba na 1968 ƙungiyar OTAN ta tara masana kwamfuta a garin Garmisch na Jamus, don manyan ayyukan manhaja, wadda muke ce ma lojisiyel, sun zama abin kuka: a yi alkawarin shekara guda a kwashe uku, kuɗi ya ninka, abin da aka kawo kuma ya ƙi aiki. Maganin da aka hango shi ne a bi manhaja yadda injiniya ke bin gada. A rubuta dukan buƙatu tukuna, a zana, a gina, a gwada, a miƙa.

A 1970 wani injiniya ɗan Amurka, Winston Royce, ya zana waɗannan matakai suna saukowa ɗaya bayan ɗaya kamar ruwa a gangare. Abin dariya, a cikin takardar nan tasa ya yi gargaɗi cewa bin hanyar a haka yana da haɗari, tunda gwaji sai a ƙarshe yake zuwa, lokacin da gyara ya yi tsada. Ya ba da shawarar a yi aikin sau biyu, kuma a riƙa jawo mai aikin ciki. Mutane suka kwafi zanen suka bar gargaɗin. A 1985 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'ida mai lamba 2167, wadda kamfanonin da ke mata aiki suka fahimta a matsayin umarnin bin wannan jeri. Faransa ma ta yi nata a ƙarshen shekarun 1970, wato Merise, kuma duk wanda ya karanci informatik a tsarin Faransanci ya sha zanenta a allo. Waɗanda suka yi aikin proje kuwa sun san ɗan uwanta, cadre logique, da aka ƙera ma hukumar USAID a 1969.

Kada mu yi ma wannan tsari rashin adalci. In kuɗin jama'a ne, dole a rubuta abin da aka saya. Sai dai manhaja ta fi kama da ɗinki fiye da gada. Ka kai ma tela shadda, ka kwatanta masa da baki, ya rubuta awo, ka ɓace sai daren salla. Ranar da ka saka rigar ne za ka gane abin da kake so tun farko, kuma an riga an yanka yadi. A 1994 kamfanin bincike na Standish ya ce a cikin ayyukan manhaja da ya duba a Amurka, wajen kashi 16 cikin 100 ne kawai suka ƙare a kan lokaci da kuɗin da aka tsara, wajen kashi 31 kuma aka soke su. Masana sun soki yadda aka yi wannan ƙidaya, amma ba wanda ya musa cewa akwai ciwo.

Wani ɓangare na maganin daga Japon ya fito, kuma ba daga ƴan kwamfuta ba. A masana'antar Toyota, Taiichi Ohno ya kafa tsarin da ba a ƙera kaya sai mataki na gaba ya nema, ana aika saƙo da ɗan kati mai suna kanban. Allunan nan masu ƴan takardu kala-kala da kuke gani a burorin matasa, jikokin wannan kati ne. A 1986 malamai biyu, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka rubuta a mujallar kasuwanci ta Harvard yadda kamfanoni irin su Honda da Canon ke fitar da sabon kaya da ƙaramar tawaga mai haɗa gwanaye daban-daban, suna tafiya tare kamar ƴan wasan rugbi. Daga rugbi ɗin aka ɗauko kalmar Scrum, cunkoson nan da Faransawa ke ce ma mêlée. Jeff Sutherland ya gwada ta a aikin manhaja a 1993, shi da Ken Schwaber suka gabatar da ita a bainar jama'a a 1995.

Akwai wani labari da masu talla ba su cika bayarwa ba. A 1996 kamfanin motoci na Chrysler ya ɗauko Kent Beck ya ceto aikin manhajar biyan albashi. Nan aka haifi hanyar da ake ce ma XP: mutum biyu a kwamfuta guda, a rubuta gwaji kafin a rubuta aikin, wakilin masu aikin yana zaune cikin tawaga kullum. Manhajar ta fara biyan ma'aikata wajen 10,000 a 1997. Manufa ita ce 87,000. Ba ta kai ba, aka dakatar da aikin a shekarar 2000, kuma matar da ta fara wakiltar masu aikin gajiya ta sa ta ajiye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga 11 zuwa 13 ga Fabrairu 2001, mutum 17, dukansu maza, suka haɗu a Snowbird, wurin wasan ƙanƙara a duwatsun jihar Yuta. Kowa da hanyarsa, wasu ma kishiyoyin juna ne a kasuwa. A lokacin ana kiran hanyoyin nasu "marasa nauyi", sunan da bai musu daɗi ba, sai suka zaɓi agile, kalmar da muka sani a lakwal da ma'anar mai zafin nama. Abin da suka sa ma hannu gajere ne ƙwarai. Sun fifita mutane da maganar da ke tsakaninsu a kan tsari da kayan aiki, manhaja mai aiki a kan tulin takardu, haɗa kai da mai aikin a kan ja-in-jar kwangila, da karɓar canji a kan bin shirin da aka rubuta. Suka ƙara da cewa na biyun ma suna da daraja. Daga baya aka haɗa da ƙa'idoji 12. Mun karanta su duka, babu inda aka ambaci takardar shaida.

A aikace, Scrum ba ta da wani sirri. Tawaga ce ta mutum goma ko ƙasa da haka. Ana yanka aiki zango-zango, kowane bai wuce wata guda ba, galibi sati biyu. Mutum guda ne ke jera buƙatu bisa muhimmanci. Kowace rana a yi taron minti 15. Ƙarshen zango a nuna ma masu aikin abin da ke tafiya da gaske, su faɗi ra'ayinsu, tawaga kuma ta zauna ta duba inda ta yi kuskure. Gwajin riga ne wajen tela duk sati biyu, ke nan.

Tana aiki? Wani lokaci, ƙwarai. Hukumar FBI ta yi watsi da wata manhajar ajiyar bayanan bincike a 2005 bayan kashe wajen dala miliyan 170. Wadda ta biyo baya, Sentinel, ita ma ta maƙale, sai a 2010 hukumar ta karɓe aikin, ta rage ma'aikata sosai, ta koma gajerun zanguna, aka buɗe ta a 2012.

To daga ina takardar kwana biyu ta fito? Ba a daɗe da Snowbird ba Schwaber da abokansa suka kafa Scrum Alliance, suka fara ba da shaidar Scrum Master bayan horon kwana biyu. Kasuwa ta buɗe. Manyan kamfanonin shawara suka shigo da zane-zane masu sarƙaƙiya fiye da na Royce. A 2009 Schwaber ya fita ya kafa Scrum.org. A 2014 Dave Thomas, ɗaya daga cikin 17 ɗin, ya rubuta cewa kalmar ta mutu a hannun ƴan kasuwa. A 2018 Ron Jeffries, wanda ya yi aikin Chrysler, ya shawarci masu rubuta manhaja su rabu da abin da ake saida musu da wannan suna, don a wurare da yawa ya koma bulalar matsa ma ma'aikata.

A ganinmu takardar ba ƙarya ba ce, wasu masu ɗaukar aiki suna tambayarta. Amma ku tuna matar Chrysler. Gaba ɗaya tsarin ya rataya ne a kan samun mai aikin ya zauna ya duba, ya yanke magana. A nan gida, mai ba da kuɗi yana son cahier des charges da aka sa ma hannu tun farko, darakta yana misiyon, wadda za ta riƙa latsa manhajar kuma tana wata likita a karkara inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, ba wanda ya tambaye ta. Konsiltan na gaske shi ne mai iya kai kansa wurinta, ya saurare ta da Hausa ko Zabarmanci, ya dawo ya gaya ma darakta cewa rabin abin da aka rubuta ba shi da amfani, ba tare da an kore shi ba. Wannan ba ya koyuwa a kwana biyu a ɗakin otel.

Mun gaya ma saurayin cewa jagoran Scrum na 2020 shafi 13 ne, kyauta yake a intanet, akwai shi da Faransanci. Jarrabawar farko ta Scrum.org kuma ba ta tilasta shiga horo: tambaya 80 cikin awa guda, ana neman kashi 85. Muka ce ya riƙe babur ɗinsa tukuna, ya nemi mutum guda mai matsala ta gaske.

Ya samu kawunsa, mai saida hatsi, da littafin bashinsa da ya cika. Sati biyu ya yi yana haɗa ɗan abin rubuta bashi a waya, ya kai masa. Ya sake kiranmu jiya yana dariya. Kawun ya juya wayar, ya duba, ya ce: "Ɗana, Allah ya yi albarka, amma ni da ajami nake rubuta sunayen mutanena." Ya koma zango na biyu.