Riƙau Da Sawaba: Ma'anar Laƙabin Siyasa A Tarihin Kano

Masu nazarin siyasar Arewa sun saba aro ma'aunin Ingila, su kira NPC jam'iyyar 'yan ra'ayin riƙau, NEPU kuwa ta masu sassaucin ra'ayi. A ganina wannan riga ba ta zauna wa kowannensu daidai ba.

A Ingila, mai sassaucin ra'ayi na ƙarni na 19 shi ne mai son hukuma ta janye hannunta daga kasuwa. Amma waɗanda suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ba kasuwa ce ta dame su ba. Kukansu shi ne zaluncin En'e: haraji, da jangali, da aikin tilas, da alkalin da ke duban fuskar sarki kafin ya yanke hukunci. Wannan suke nufi da sawaba. Kuma ba su juya wa addini baya ba, domin Malam Aminu Kano mai tafsiri ne, da jihadin 1804 yake kafa hujja a kan jikokin masu jihadin. Ita kuwa NPC, da ake cewa ta mazan jiya ce, gwamnatinta ce ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abin da ta riƙe gam sarauta ce.

Kanawa dai nasu sunayen suka ƙaga. Da PRP ta dare biyu bayan zaɓen 1979, sai aka kira ɓangaren Gwamna Abubakar Rimi 'yan santsi, na Malam 'yan taɓo, alhali kowane ɓangare da sunan talaka yake rantsuwa.