Haɗawa Ko Gaurayawa? Waiwaye Kan 1914

Duk ma'aunin hatsi a Kasuwan Garba ta ƙasar Kontagora ya san bambancin haɗawa da gaurayawa. In an haɗa buhun gero da na dawa a mota ɗaya, gobe kowa zai ɗauki nasa. In kuwa an gauraya su, to sai dai a niƙa tare.

Da wacce za mu kira abin da Gwamna Lugga ya yi ranar 1 ga Janairu, 1914? Mun saba cewa ya haɗe Arewa da Kudu, kuma a ganinmu bakinmu bai yi kuskure ba. Baitulmali da hukumar jirgin ƙasa ya mayar ɗaya, domin kuɗin fito na Kudu, musamman na barasa, su toshe giɓin Arewa. Amma kowane ɓangare da nasa Mataimakin Gwamna: Temple a Zungeru, Boyle a Ikko. Sassan ilimi ma ba su zama ɗaya ba sai 1929.

Hatta 'yan Kudun da jirgin ya riƙa kwasowa Kano, ba cikin birni aka sauke su ba. Sabon Gari aka keɓe musu, can wajen ganuwa.