Yadda Ruwa Ya Ci Ramukan Kwal Na Enugu

A ƙasarmu ta Kazaure, daga Roni har Gwiwa, babu kwal. Duwatsun namu tsofaffi ne ƙwarai, sun kafu tun kafin a sami dazuzzukan da ke ruɓewa su zama kwal. Amma fa kwal ya taɓa rayuwar kakanninmu: gyaɗar da suka noma aka tara a Kano, jirgin ƙasa mai cin kwal ne ya riƙa jan ta zuwa teku, kwal ɗin kuwa daga Enugu ake haƙo shi.

A 1909 wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano kwal a yankin Udi. Zuwa 1916 an fara lodinsa a jirgi zuwa Fatakwal (sunan garin ba shi da alaƙa da kwal, daga sunan Lewis Harcourt ya samo asali). Galibi idan ana tarihin wurin, kisan ma'aikata 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka yi a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949 ake tunawa, kuma ya cancanci a tuna. Sai dai akwai wani faɗan da aka shafe shekaru ana yi a ramukan, wato faɗa da ruwa.

Matsalar daga tsarin ƙasar take. Kwal ɗin Enugu yana kwance ne a ƙarƙashin wani kakkauran dutsen yashi da masana ke kira Ajali. Wannan dutse kamar soso yake, yana shanye ruwan sama ya ajiye, ga shi yankin na samun ruwa fiye da ninki biyu na wanda muke samu a nan. Da zarar an kwashe kwal, sai rufin ramin ya sassauta ya tsattsage, ruwan da ke sama ya sami hanya. Wato dai kamar mutum ne ya haƙa ɗaki a ƙarƙashin randa mai tsaga.

Ba Enugu ce ta fara ganin haka ba. Injin tururi da Thomas Newcomen ya kafa a Ingila a 1712, domin zuƙe ruwa daga ramin kwal aka yi shi. Ita ma Enugu dabararta ke nan: injinan jan ruwa dare da rana.

To, ina ake kai ruwan? Nan ne gizo ke saƙa. A jikin kwal da duwatsun da ke kewaye da shi akwai wani ma'adini mai ɗauke da ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, ba ruwansa da kowa. Amma da haƙa ta haɗa shi da iska da ruwa, sai ya haifar da asid irin na batirin mota, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Wannan ruwa yana cinye bututu da injinan da aka kawo don a fitar da shi, sannan yana narkar da ƙarafa daga jikin dutse. Na ramin Onyeama, cikin kogin Ekulu yake sauka, kogin da ya ratsa birnin Enugu mutane ke wanka da wanki a cikinsa. Idan irin ruwan nan ya haɗu da na kogi, ƙarfen yakan kwanta ya rina duwatsu da launin tsatsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk nasarar da aka samu wajen busar da rami, kogi ne ya biya kuɗinta.

A ƙarshen shekarun 1950 haƙar ta kai ƙololuwa, sama da tan 900,000 a shekara. A daidai wannan lokaci, ranar 22 ga Janairu 1959, aka ga ɗaya fuskar haɗarin a jihar Pennsylvania ta Amurka. A mahaƙar Knox an bi kwal har ƙarƙashin kogin Susquehanna, aka bar dutsen da ke tsakani ya yi siriri, kogin ya ɓurma ciki. Mutum 12 suka mutu. Har taragun jirgin ƙasa aka riƙa jefawa don a toshe ramin. A can kogi ne ya afka wa rami, a Enugu kuwa rami ne ke gurɓata kogi.

Daga nan komai ya juya wa kwal ɗin Najeriya baya. Jiragen ƙasa suka koma dizal, man fetur ya karɓe kasuwa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka bar ramukan, injina suka tsaya, ruwa ya cika su. Bayan 1970 an sake buɗewa, har aka kawo manyan injinan haƙa daga Poland, amma haƙar ba ta sake komawa yadda take ba, ruwa kuma na cikin dalilan. A farkon shekarun 2000 aikin ya tsaya cak. Rufe rami kuwa ba ya kashe asid, ruwan yakan ci gaba da tsiyayowa shekaru da dama.

Yanzu kwal ya matso Arewa. A Maiganga ta jihar Gombe ana haƙarsa don kamfanin siminti na Ashaka, kuma buɗaɗɗen rami ne, ruwan damina kai tsaye yake zuba ciki. Matakan kariya ga irin wannan rami sanannu ne: a yi magudana da ganuwar ƙasa da za su karkatar da ambaliya, a tara ruwan ramin a kududdufi har laka ta kwanta, a zuba masa farar ƙasa ta kashe asid ɗin, sannan a auna shi kafin a sake shi cikin rafi. Mafi wuya a cikinsu shi ne tanadin kuɗin da za a ci gaba da wannan aiki bayan motar kwal ta ƙarshe ta bar wurin.