Gadon lilo mai gidan sauro: yadda ake ɗinka shi da yadda ake ɗaura shi

Gadon lilo yadi ne mai ƙarfi da ake ɗaure bakinsa biyu a jikin itace ko ƙarfe, mutum ya kwanta a ciki bayansa bai taɓa ƙasa ba. Duk wanda ya taɓa ratsa tashar manyan motoci ta Ogere, a hanyar Legas zuwa Ibadan, ya ga irinsa a ƙarƙashin tirela, yaran mota na barci a ciki. Abin da bai cika gani ba shi ne wanda aka ɗinka wa gidan sauro a jiki.

 A wurin mutanen tsibiran Karibiyan Turawan Sifen suka fara ganinsa a 1492, daga nan ma'aikatan jiragen ruwa suka ɗauka. A yau ƙasashe irin su Kambodiya da Biyetnam suna raba mai gidan sauro ga masu aiki a daji, domin sun lura zazzaɓin cizon sauro ya fi kama waɗanda ba sa kwana a ɗaki.

Mu ma matsalar ke nan. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya 'yan Najeriya ne. Ana raba gidan sauro kyauta, to amma an yi shi ne don ɗaki mai kusurwa huɗu. Ɗauki mutumin Kumbashi, a ƙaramar hukumar Mariga ta jihar Neja, cikin masarautar Kontagora. Da kaka yana iya kwana a gona yana gadin masara. In ya biyo motar shanu ko ta hatsi zuwa kudu, ta Mokwa da Jebba da Ilori, sai ya kwana biyu ko uku a hanya, in ya iso kuma rumfar kasuwa ce makwancinsa. A ina zai kafa ƙusa huɗu? Ga shi sauron da ke sa zazzaɓin da dare yake cizo, damina kuma a kudu ta fi ta gida tsawo.

Abin da za a tanada ba shi da yawa: yadi mai faɗin inci 60, tsawon yadi uku da rabi, har fallaye biyu, zaren roba mai ƙarfi, ba na auduga ba, igiya mai kauri mita 8 zuwa 10, wata siririya wadda ba ta miƙewa, dogon zif, sai gidan sauro mai magani. Yadin nailan ya fi, don ba shi da nauyi kuma yana saurin bushewa. Kaki ma yana yi. Atamfa kuwa faɗinta bai kai ba, babban mutum zai ji shi a matse.

Me ya sa fallaye biyu? Nan ne da yawa suke yin asara. In ka kwanta, yadin yana manne wa bayanka da kafaɗunka, sauro kuma yana iya huda yadi mara kauri ya cije ka ta ƙasa, alhali kai kana ganin ka rufe sama. Falle biyu yana rage wannan sosai, kuma in an bar ɗan buɗi a gefe ana iya zura siririn bargo a tsakani lokacin sanyi.

Tela zai haɗa fallayen ya kalmashe dogayen gefuna. A gajerun bakin biyu sai ya naɗe yadin kamar inci 3 ya yi hanyar igiya, irin ta mazagin wando, ya bi ta da ɗinki layi uku. Kar a yarda da layi ɗaya, domin duk nauyin mutum a nan yake. A zura igiyar mai kauri, a tattare bakin, a ƙulle tam. Sannan a ɗaura siririyar igiyar daga wannan baki zuwa wancan, ta bi ta sama. Tsawonta ya zama wajen kashi 83 cikin 100 na tsawon gadon: in gadon mita 3 ne, ita mita 2 da rabi. Ita ce za ta ɗage ragar daga fuskarka, ita ce kuma ke sa gadon ya lotsa daidai kullum.

Babban gidan sauro irin na iyali, in aka farke rufinsa, bangonsa yana ba da doguwar raga da ta kai wajen mita 7, wato ya ishi gado biyu. Amma fa a sayi wani, ko a yi amfani da rara. Ba na kan gadon yara ko na mai juna biyu za a yanka ba. A yanko mita 3, a yafa a kan siririyar igiyar, a ɗinke gefe ɗaya a jikin gadon gaba ɗaya, ɗaya gefen a sa zif. Kusurwoyin nan biyu inda raga ta haɗu da ƙullin igiya su ake dubawa da kyau, don ramin da yatsa zai shiga ya ishi sauro. In ba a samu zif mai kyau ba, a haɗa fallen raga biyu a yi ta kamar buhu, ta lulluɓe gadon har ƙasa, a sa mazagi a zuge. Wannan ya fi cin raga, amma yana kare baya ma. Wanda ya yanka sabuwar raga ya wanke hannu kafin ya taɓa ido, maganin yana sa ƙaiƙayi.

Wajen ɗauri, a nemi itatuwa biyu masu rai, masu kauri, tazarar mita 4 zuwa 5. Kar a ja igiya ta miƙe ɗam kamar ta shanya. Hakan ke tsinka ta, ya kuma sa ciwon baya. A bar ta ta ɗan sunkuyo, yadda in ka zauna tsayin bai wuce na kujera ba. Kwanciya kuma a ɗan karkace ake yi, kai ta wannan gefe, ƙafa ta wancan, sai baya ya miƙe. Mai ɗaurawa a ƙarƙashin mota lallai direba ya san yana nan, a kuma sa wa taya waigi. Jarirai ba a kwantar da su a ciki.

Sabuwar raga ana shanya ta a inuwa awa 24 kafin a fara kwana. Maganinta yana kai wajen shekara 3 ko wanki 20, in dai da sabulu mara ƙarfi ake wankewa, ba bilic, ba shanyar rana. Raga tana kama wuta nan take, don haka a nisanta ta da taba, kyandir da maganin sauro na kunnawa. In ta yage a ɗinke a ranar. Wanda kuma zazzaɓi ya kama, ko da a cikinta yake kwana, ya je a yi masa gwajin jini kafin ya sha magani.