Albarushi da Ƙafar Bawa: Yaƙe-yaƙen Ɓallewa da Suka Haifi Zangon Kumasi

A watan Afrilun 1900 shugabannin yaƙin Asante suka aika wa Gwamna Frederick Hodgson sharuɗɗan da za su ajiye makamai a kansu. Na kan gaba shi ne a maido musu da sarkinsu Prempeh, kuma shi ne littattafan makaranta suka riƙe. Sauran sharuɗɗan ba a cika ambatonsu ba: a bar su su saya su sayar da bayi kamar dā, a daina tilasta musu ba da 'yan dako, a kuma kori baƙi da 'yan tireda daga Kumasi. Baƙin nan sun haɗa da Fantawa 'yan bakin teku, amma kaso mai yawa mutanen Arewa ne da suka kafa bukkokinsu kusa da barikin soja shekaru huɗu kacal kafin nan. Su ne mutanen Zango.

An saba ba da labarin yaƙe-yaƙen 1874 zuwa 1900 a matsayin karo tsakanin Bature da Tonawa, wato mutanen Asante. Wannan gaskiya ce, amma rabinta. Abin da ya cinye ƙarfin Asante a waɗannan shekaru shi ne yaƙin cikin gida na ɓallewa, kuma abubuwa biyu ne suka riƙa yanke hukunci a fagen fama: wanda ya riƙe hanyar albarushi, da inda ƙafar bawa ta nufa in ya tsere. Wanda ya san tarihin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 zai ga kama, ko da yake kamar tana da iyaka.

Daular Asante gini ce mai hawa biyu. A tsakiya akwai Kumasi da ƙawayenta irin su Juaben, Mampong, Bekwai, Kokofu da Nsuta, kowace da sarkinta da mayaƙanta, rantsuwa ga kujerar zinariya ce ta ɗaure su. A waje kuma akwai ƙasashen da aka ci da yaƙi. Tun zamanin Opoku Ware, a tsakiyar ƙarni na 18, Gwanja da Dagwamba ke biyan gandu, kuma babban abin da suke biya da shi bayi ne. Kumasi ta hana bindiga da albarushi ƙetarawa Arewa, domin ta san mahayan dawakin can ba su da maganin mai bindiga a cikin kurmi. Fataken Kano da Katsina kuwa, yawancinsu iyakarsu Salaga: nan ayari ke sauke kanwa da tufafi da fatu, ya ɗauki goro, nan kuma ake cinikin mutane. Bawan Arewa, wanda Tonawa ke kira odonko, shi ke noma, shi ke haƙar zinariya, shi ke ɗaukar kayan yaƙi. Duk wanda ya taɓa bawa ya taɓa cikin rundunar Asante.

Shekarar 1863 ta haɗa labaran biyu. Ran 1 ga Janairu sanarwar Shugaba Lincoln ta 'yanta bayin jihohin da suka ɓalle ta soma aiki, ta kuma buɗe wa baƙar fata ƙofar shiga soja. Kafin yaƙin ya ƙare kimanin 180,000 sun sa kakin sojan gwamnatin tarayya. Cikinsu har da wani ɗan Kukawa ta Barno, Nicholas Said, wanda bauta ta bi da shi ta Sahara zuwa Tarabulus da Santambul, daga bisani ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts. A wannan shekarar dai, a Ikko, wani hafsan jirgin ruwan Ingila, John Glover, ya tattara 'yan tsirarun bayi masu jin Hausa da suka gudo daga iyayen gijinsu na ƙasar Yarabawa, ya ba su bindiga. Lissafin iri ɗaya ne a duka wuraren: bawan da ya gudo ya rage wa abokin gaba hannu, ya ƙara maka hannu, kuma ba shi da gidan komawa in an sha kashi.

Bayan shekara goma aka gwada wannan lissafi a kan Asante. Janar Garnet Wolseley ya taso daga bakin teku da sojojin Turawa, aka gwabza a Amoaful ran 31 ga Janairun 1874. Tonawa sun yi abin da suka gwanance a kai, wato su buɗe fukafukai cikin kurmi su kewaye abokin gaba ta baya. Dabarar ba ta da aibu. Makamin ne ya ci amanarsu. Bindigar toka da ake ɗura wa gutsattsarin dalma da tsakuwa tana raunata mutum ne kawai in ya ɗan yi nisa, ita kuwa Snider ta Turawa kisa take yi. Ran 4 ga Fabrairu Wolseley ya shiga Kumasi, bayan kwana biyu ya cinna mata wuta ya juya da gaggawa saboda ruwan sama da zazzaɓi.

Marubutan Ingila sun ba Wolseley dukan yabo, amma rundunar Glover da ta ɓullo ta gabas, daga kogin Volta, ita ta fi yi wa daular illa mai ɗorewa. Glover ya zo da Hausawansa na Ikko, ya kuma ƙara ɗiban wasu a Akra, inda iyayen giji suka riƙa ɗaure bayinsu don kada su gudu su shiga soja. Da ya kusanto, sarkin Juaben Asafo Agyei ya nemi sulhu da shi don kansa, bai jira Kumasi ba. Daga nan ɗinkin ya fara warwarewa. Yarjejeniyar Fomena ta ɗora wa Asante tarar oza 50,000 ta zinariya, ta kuma raba ta da ƙasashen kudu irin su Denkyira da Assin da Akyem da Adansi.

Arewa ba ta jira yarjejeniya ba. Da labari ya kai Salaga, aka far wa Tonawan da ke zaune a garin aka karkashe su. A Krachi, bokan tsafin Dente ya haɗa kan garuruwan gabas suka datse hanya. Kumasi ta rama da abin da ke hannunta: ta hana goro zuwa Salaga, kasuwa ta karkata zuwa Kintampo.

Juaben ce ta fito fili ta kafa tutar ɓallewa daga cikin gida, kuma sabon sarki Mensa Bonsu ya san in ya ƙyale ta babu sauran daula. A ƙarshen 1875 aka kara. Da farko Juaben ta matsa wa rundunar Kumasi lamba ƙwarai, sai albarushinta ya ƙare, abin ya juye a kanta. Dubban mutanenta suka ƙetara zuwa ƙasar Akyem, suka kafa Sabuwar Juaben, wadda hedkwatarta ita ce Koforidua ta yau. Jihohin kudancin Amurka ma sun ɗanɗana irin wannan, lokacin da jiragen ruwan gwamnatin tarayya suka toshe musu tashoshi: jarunta ba ta ɗura bindiga. Sai dai a Asante mai riƙe da bakin teku wani na uku ne, gwamnan Ingila, wanda ke buɗe hanyar makamai ko ya rufe gwargwadon abin da ya ga zai amfane shi.

Shi wannan na ukun ya ƙara wani makami. A Disambar 1874 Gwamna George Strahan ya kafa dokar hana cinikin bayi da ta 'yanta su a Gwalkwas. Kogin Pra ya zama iyaka tsakanin ƙasar da ubangida zai iya kai ƙarar bawansa da wadda ba zai iya ba. A 1879 aka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi ta Gwalkwas, wadda kowa ke kira rundunar Hausawa. Sunan ya fi gaskiyar faɗi. Akwai Hausawan asali, amma da yawa Gurunsawa ne da Mosawa da Dagwambawa da Barebari, waɗanda hare-haren Zabarmawa irin su Alfa Gazari da Babatu suka kwaso aka sayar, suka koyi Hausa a turken bayi ko a bariki. Mensa Bonsu ya gane amfanin irin waɗannan mutane. Shi ma ya kafa tasa rundunar Hausawa a Kumasi, ya saya musu Snider, ya riƙa janyo waɗanda suka gudu daga aikin Bature da albashi mai tsoka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sojan ba aƙida yake wa yaƙi ba. Mafaka da abinci yake nema.

An tuɓe Mensa Bonsu a 1883. Magajinsa Kwaku Dua na Biyu bai cika wata biyu ba agana ta kashe shi, daga nan aka shiga basasa sosai. Kumasi da Ejisu da Bekwai suka goyi bayan saurayi Prempeh, ɗan sarauniya Yaa Akyaa. Kokofu da Mampong da Nsuta suka bi Yaw Atwereboanna. Prempeh ya hau kujera a 1888, aka kori Kokofu zuwa ƙetaren Pra, sarkin Mampong ya gudu Arewa. A 1892 da 1893 Prempeh ya murƙushe Nkoranza, aka kwaso ganimar mutane masu yawa. Da rundunarsa ta doshi Atebubu, wadda ta riga ta shiga ƙarƙashin kariyar Ingila tun 1890, sai ta tarar an turo sojojin Hausawa. A nan yunƙurin sake haɗe daular ya tsaya.

Salaga ma ba ta ci ribar 'yancinta ba. A 1892 rikicin gadon sarautar Kpembe, mai iko da Salaga, ya ɓarke, Kabachewura Isifa ya gayyato mayaƙan Dagwamba da Nanumba ya kori Kpembewura Napo, kasuwa ta watse. Malamai da fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ga yaƙin da idonsa ya kuma rubuta shi a waƙe. Shekara guda bayan haka Kano kanta ta faɗa basasar Tukurawa da Yusufawa, wato hanyar goro ta kama wuta ta kai da gindi. Ga dubban mutane da suka iya ciniki, suna neman inda za su sauke kaya.

Sun samu a 1896. Sir Francis Scott ya shiga Kumasi a watan Janairu ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba, aka kama Prempeh, aka gina kagara da duwatsu, aka bar sojojin Hausawa su tsare ta. Inda soja ya zauna matansa na zuwa, mahauci ya biyo, malami ya biyo, sannan mai goro. Takunkumin da ya tsare fatake a Salaga ya faɗi. Ga Batone, wannan unguwa abin takaici ce ta fuska biyu: tana cin kasuwar da dā tasa ce, kuma a cikinta odonkon jiya ke yawo da kaki da jar dara, babu mai iya ce masa kanzil.

Don haka da Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ran 28 ga Maris 1900, kuma Yaa Asantewaa ta Ejisu ta zuga maza, Zango na cikin wuraren da aka fara aukawa. Ran 25 ga Afrilu aka kewaye kagarar. Mutum wajen 3,000, fatake da mata da yara, suka taru a gindin bangonta a fili, cikin ruwan bazara, sojoji sun yi musu zobe. Abincin gwangwani da biskit na masu bindiga ne. Saura sai ganye da saiwa da ɓera da ƙadangare, ana kwasar gawa kowace safiya.

Tonawa sun koyi darasin Amoaful. Ba su sake fitowa fili ba. A kan kowace hanya suka yi kafi: jeri biyu na gumagumai, an cike tsakaninsu da ƙasa da duwatsu, tsayinsa ya kai na mutum, kaurinsa ma kusan haka, ƙananan igwa ba ta fasa shi. A Dompoase a watan Yuni, da Kokofu a farkon Yuli, kafin ya mayar da rundunonin ceto baya da asara. Sai da hafsoshi suka gane a sari hanya cikin kurmi a ɓullo wa kafi ta gefe, a far masa da banati, sannan abin ya sauya. Hodgson ya sulale da asubar 23 ga Yuni ta hanyar Patase da yawancin sojojin, ya bar Turawa uku da Hausawa ɗari da wani abu, da yawansu ba sa iya tsayuwa don yunwa. Kanar James Willcocks ya iso ran 15 ga Yuli da sojojin da aka kwaso daga Nijeriya da Saliyo. Ban da hafsoshi da sajan-sajan, babu rundunar Turawa ko ɗaya a wannan yaƙi. Kuma ko a nan ɓarakar cikin gida ta yi aikinta: Bekwai ta bi Bature, sarakunan Mampong da Juaben kuwa suna cikin kagara tare da gwamna.

A nan kamar da Amurka ta ƙare. Can, gwamnatin tarayya ta ci yaƙi, ta riƙe ƙasa, ta kuma soke bauta a tsarin mulki a 1865. A Asante mai neman haɗe ƙasa shi ne mai kare bauta, masu ɓallewa su ma masu bayi ne, wanda ya ci yaƙin kuma baƙo ne da bai yi gaggawar 'yanta kowa ba. An haɗe Asante da mulkin Ingila a farkon 1902, amma sai 1908 aka soke bauta a hukumance, domin Bature na bukatar sarakuna su ba shi 'yan dako da leburorin hanya. Bayin da suka sami 'yanci kafin nan, da ƙafarsu suka samu, kuma bariki da Zango na cikin wuraren da suka nufa.

Zango ya sake tashi bayan yaƙin, ƙarƙashin kariyar Bature kai tsaye, da sarkinsa da kotunsa. Malam Salau, Bakatsine, ya riƙe sarautar daga 1919 har 1932, lokacin da rigima da sauran ƙabilun Zango ta kawar da shi. A 1935 Ingila ta maido da tarayyar Asante ƙarƙashin Prempeh na Biyu, al'amuran Zango suka koma hannun fadar Manhyia.