Gida, Uba da Tashin Yaro Cikin Fina-finan Mahamat-Saleh Haroun na Cadi

Tarihin ƙasa ba a littattafai kaɗai ake samunsa ba. Wani lokaci mai shirya fim yakan adana abin da marubutan tarihi suka tsallake, wato halin da gidajen talakawa suke shiga in sarauta ta rikice. Irin wannan aiki ne Mahamat-Saleh Haroun ya yi wa ƙasarsa Cadi, kuma abin da ya fi damunsa tambaya ɗaya ce: yaya yaro zai tashi ya zama mutum alhali yaƙi ya raba shi da ubansa?

An haifi Haroun a Abeche cikin 1961, shekara guda bayan Cadi ta sami mulkin kai daga Faransa. Tun yana ƙarami tawaye ya ɓarke a Mangalme cikin 1965, aka kafa ƙungiyar FROLINAT cikin 1966, sannan soja suka kashe Shugaba Tombalbaye cikin 1975. Cikin 1979 faɗa ya shiga Injamena kanta, har aka tara shugabannin ɓangarori a Kano da Legas don neman sulhu, amma sulhun bai ɗore ba. A wannan yaƙi ne Haroun ya sami rauni, aka ƙetara da shi Kamaru, daga baya ya isa Faransa cikin 1982. Can ya koyi aikin fim da aikin jarida. Saboda haka zancen rabuwa da gida ba labarin ji-ta-ji-ta ba ne a wurinsa.

Dogon fim ɗinsa na farko, Bye Bye Africa, ya fito cikin 1999, shi ne kuma dogon fim na farko daga Cadi. A cikinsa wani mai shirya fim ya komo gida saboda rasuwar mahaifiyarsa, ya tarar gidajen silima sun lalace, shi kansa ya zama kamar baƙo a garinsu.

Cikin 2002 ya fitar da Abouna, wato "Ubanmu". Yara biyu, Tahir da ƙanensa Amin, sun wayi gari ubansu ya tafi ba sallama. Suka yi ta nemansa har bakin iyakar Kamaru. Wata rana a silima suka ɗauka shi suka gani a majigi, suka sace faifan fim ɗin. Uwarsu ta rasa yadda za ta yi da su, ta kai su makarantar allo a ƙauye. Can ciwon asma ya kashe Amin, Tahir kuwa ya gudu ya koma ya ɗauki nauyin uwarsa. Duk wanda ya san almajiranci a ƙasar Hausa zai gane wannan gida, inda yaro yake zama babba tun lokacinsa bai yi ba.

Daratt, wato "Rani", ya biyo baya cikin 2006. Don a fahimce shi sai a tuna mulkin Hissène Habré daga 1982 zuwa 1990, wanda hukumar bincike ta 1992 ta ƙiyasta an kashe mutum kimanin 40,000 a cikinsa. A fim ɗin, gwamnati ta yi wa masu laifin yaƙi afuwa, sai wani tsoho makaho ya ba jikansa Atim bindiga ya je ya kashe wanda ya kashe ubansa. Sunan Atim ma'anarsa maraya. Ya sami mutumin yana gasa burodi, ya zama yaron gidansa, ya koyi sana'arsa, har mutumin ya so ya mai da shi ɗa. Daga ƙarshe Atim ya kai shi gaban kakansa, ya harba bindiga ba tare da ya same shi ba, tsohon ya ɗauka an rama. Ta haka yaron ya katse gabar da aka gadar masa. Fim ɗin ya sami lambar yabo ta musamman a Venis.

Cikin Un homme qui crie na 2010, wanda ya ci lambar alƙalai a bikin Kan na Faransa, Haroun ya juya tambayar wajen uba. Adam, mai lura da wurin iyo a wani otal, ya rasa aikinsa aka ba ɗansa, sai ya bari aka kai ɗan soja, nadama ta zo masa bayan aikin gama ya gama.

Haroun bai tsaya ga ƙirƙirarren labari ba. Cikin 2016, shekarar da kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai, ya fitar da fim na shaidar waɗanda suka tsira daga kurkukunsa. Ya kuma riƙe muƙamin ministan al'adu daga 2017 zuwa 2018.

Darasin da ɗalibi da ma'aikacin gwamnati za su ɗauka a nan shi ne, afuwa da yarjejeniya da ake sa wa hannu a ofis suna iya tsayar da harbi, amma ba sa mayar wa yaro ubansa. In hukuma ba ta yi adalci ba, nauyin ramuwa ko yafewa kan marayu yake komawa.